Jiragen koyon tuƙi da motocin kan titi: Haɗarin da ya shafi hanyar Funtuwa zuwa Zariya

Duk direban da ya ɗauko lodin masara daga Dandume ko Funtuwa ya nufi Zariya ya san jerin garuruwan da zai ratsa: Giwa, Shika, Samaru, sannan Palladan kafin ya isa Kwangila. A Palladan ɗin ne, a gefen titin Sakkwato, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAT, take tun shekarar 1964. Fasinjoji sun saba ganin ƙananan jirage suna shawagi ƙasa-ƙasa a wajen, har yara kan leƙo ta taga suna nuna su da yatsa. Abin da ba kowa ke tunawa ba shi ne, da yawa daga cikin waɗannan jirage ɗalibai ne ke riƙe da su, wani lokacin ma babu malami a gefe.

Wannan ba abin tsoro ba ne a karan kansa, domin haka ake koyon tuƙin jirgi a ko'ina a duniya, kuma a nan aka horar da dimbin matuƙan da ke ɗaukar alhazai zuwa Jidda. Sai dai akwai wani nau'in haɗari da ba a cika maganarsa ba a ƙasar nan: karo tsakanin ƙaramin jirgi da abin hawa na ƙasa. Ya sha faruwa a wasu ƙasashe, kuma dalilan da suka jawo shi a can, kusan dukkansu akwai su a nan, wasu ma sun fi tsanani.

Abin da ya faru a Texas

A ranar 3 ga Nuwamban 2012, wani ɗalibi a jihar Texas ta Amurka yana dawowa daga doguwar tafiyar da ya yi shi kaɗai a jirgi ƙirar Cessna 172. Ya daidaita zai sauka a wani ƙaramin filin jirgi da ke garin Roanoke, inda wata hanyar mota ta gitta daf da bakin titin jirgin. Daidai lokacin wata mota ta shigo hanyar. Tayoyin jirgin suka daki rufin motar, ƙafar jirgin ta ɓalle, jirgin ya ja ciki a kan kwalta har ya tsaya. Matar ɗalibin na tsaye tana ɗaukar bidiyon saukar mijinta, shi ya sa duniya ta ga abin da idonta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Mutum biyun da ke cikin motar sun ji ƙananan raunuka.

Abin lura shi ne yadda hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta raba laifin. Ta ce ɗalibin ya sauko ƙasa fiye da kima. Ta ce direban motar bai duba da kyau ba kafin ya tsallaka. Sannan ta ɗora wani kaso a kan masu kula da filin, saboda sun matsar da layin da ke nuna wa matuƙi inda zai fara taɓa ƙasa, ta yadda tazarar da ke tsakanin jirgi mai sauka da motar da ke wucewa ta ragu. Wato ɓangare uku, kowane ya yi ɗan kuskuren da shi kaɗai ba zai jawo komai ba.

Mako biyu bayan haka, ranar 16 ga Nuwamba, a filin jirgin Owls Head da ke jihar Maine, wani Cessna 172 ɗin yana gudun tashi da magariba ya daki wata a-kori-kura da ke tsallaka titin jirgin. Jirgin ya ɗaga sama da lalataccen wutsiya, ya kasa riƙe kansa, ya faɗi cikin daji ya kama da wuta. Matasa uku suka mutu. Filin ba shi da hasumiyar da ke ba da izinin shiga da fita, kowa da rediyo yake sanar da motsinsa, kuma direban motar ba baƙo ba ne a wurin.

A manyan filaye ma abin na faruwa. A Oktoban 2014 jirgin shugaban kamfanin mai na Total, Christophe de Margerie, ya yi karo da motar share ƙanƙara a filin Vnukovo na birnin Mosko, shi da ma'aikatan jirgin uku suka mutu. A Nuwamban 2022 wani jirgin fasinja na kamfanin LATAM ya daki motar kashe gobara a Lima, babban birnin Peru. Amma waɗannan ƙwararrun matuƙa ne. Matsalar ɗalibi daban take.

Lissafin daƙiƙa uku

Ƙaramin jirgin koyo yana saukowa ne da gudun da ya kai kusan kilomita 120 a awa, wato mita 33 a kowace daƙiƙa. Direban da ya hango shi daga nisan mita 100 yana da daƙiƙa uku kacal. Ga tirela mai lodi, daƙiƙa uku ba su isa a taka birki ta tsaya ba, ba su kuma isa a ba ta wuta ta wuce ba.

Wani zai ce ai za a ji ƙararsa. Ba lallai ba. Lokacin sauka matuƙi yana rage wutar inji ne kusan gaba ɗaya, jirgin na zuwa da ɗan shuu kawai. Direban da ya rufe gilashi, ko ɗan acaɓar da ya toshe kunne da waƙa, ba zai ji komai ba. Kuma babu direban da aka koya wa duba sama a mahaɗa. Dama da hagu ake dubawa.

Shi ma ɗalibin ba ya ganin komai yadda ake zato. Hancin jirgi na tare masa abin da ke ƙarƙashinsa ta gaba, musamman a ƙarshen sauka lokacin da yake ɗaga hancin. Jiragen da NCAT ta daɗe tana koyarwa da su, irin su Tampico, da na Diamond da ta sayo a shekarun baya-bayan nan, fukafukansu a ƙasa suke, don haka suna ƙara rufe abin da ke gefe ta ƙasa. Idon ɗalibin kuma yana kan abu biyu: agogon gudu da wurin da yake son tayoyinsa su taɓa.

Sai maganar tsayi. Jirgi na gangarowa ne a hankali, kusan mita ɗaya a kowace mita 19 da ya ci gaba. Idan ɗalibi ya auna farkon kwalta, to a nisan mita 60 kafin ya isa, tsakaninsa da ƙasa bai fi mita uku da 'yan kai ba. Babbar mota ta fi haka tsayi. Shi ya sa dokar Amurka ke lissafa kowace hanyar mota da ke kusa da filin jirgi tamkar katanga: ƙafa 17 ga babbar hanya, ƙafa 15 ga sauran hanyoyin jama'a, ƙafa 10 ga hanyar da ba ta jama'a ba, ƙafa 23 ga layin dogo. Ko babu mota a kai, ana ɗauka akwai.

Wanda ya tsara wannan lissafi bai taɓa tsayawa a bakin kasuwar Dandume da kaka ba. A wannan yanki ana jera buhuna har su wuce bodin mota, a ɗora wasu a kai, a ɗaure da igiya, sannan mutane su hau can ƙololuwa su zauna. Lodin auduga, da yake ba ta da nauyi, ya fi kowane tashi sama. Duk ma'aunin da aka aro daga waje don kare bakin titin jirgi a Arewa, sai an ƙara masa wani abu kafin ya dace da motocin da ke bin hanyar.

Maganin da ake koya wa ɗalibi tun ranar farko shi ne ya fasa sauka: ya ba jirgi wuta, ya sake ɗagawa, ya zagayo. Ba kunya ba ce, ƙwararru ma na yi kullum. Amma wanda bai fi awa 15 ko 20 a sama ba, ga shi shi kaɗai, ga malamai na kallonsa daga ƙasa, sau da yawa zuciyarsa na raya masa ya lallaɓa ya sauka kawai a wuce wurin. Ƙa'idar duniya ta yarda a ba mutum lasisin farko bayan awa 40 na tuƙi, kuma tun kafin ya kai rabin haka ake sakinsa ya tashi shi kaɗai.

Katanga, shanu da gidaje

A Najeriya, abin da ya fi shiga titin jirgi ba tare da izini ba, a tarihin da aka sani, dabbobi ne. A watan Yulin 2005 jirgin Air France da ya taso daga Paris ya afka cikin garken shanu yana sauka a Fatakwal. Fasinjoji sun tsira, shanu sun mutu, jirgin ya lalace. A Fabrairun 2018 jirgin Air Peace da ya taso daga Legas ya yi ta zagaye a sararin Akure har sai da aka kore shanu daga titin. Inda saniya ta samu ƙofa, babur ma zai samu, kuma kowa ya san halin mutane da yanke: idan aka ɓula katanga sau ɗaya, cikin wata guda ta zama hanya, har a samu mai sayar da rake a bakinta.

A Zariya matsalar ta zo ta fuskar gidaje. Lokacin da aka kafa kwalejin da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wurin bayan gari ne. Yau gari ya cim mata ta kowane ɓangare. A Oktoban 2021 hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, KASUPDA, ta rushe gidaje sama da ɗari a unguwar Graceland, bisa hujjar cewa filin kwalejin ne. Mazauna sun yi kuka, sun ce da kuɗinsu suka saya, kuma rikicin ya daɗe yana gaban kotu.

Babu mai jin daɗin ganin iyali a waje da kayansu. Amma rusau alama ce ta cewa an yi barci shekara da shekaru. Gida ɗari ba ya tsirowa a dare ɗaya. Wani ya yanka filayen, wani ya sa hannu a takarda, wani ya ga ana zuba harsashi ya kawar da kai. Kuma kowane gida da aka gina kusa da titin jirgi yana zuwa da hanyarsa, da motar yashi, da tankar ruwa, da adaidaita-sahu mai kai yara makaranta.

A daidai wannan lokaci zirga-zirgar manyan motoci a hanyar na ƙaruwa. A watan Mayun 2024 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa, wadda burinta shi ne kwantenoni su riƙa zuwa kai tsaye daga teku. Duk kwantenar da ba ta hau jirgin ƙasa ba, bayan tirela za ta hau.

Me ya haɗa manomin Kafur da wannan?

Duk wanda ya ɗora ruler a taswira zai ga amsar. Layin da ya miƙe daga Zariya zuwa Katsina yana bi ta kan ƙasar Kafur, ya gifta kusa da Malumfashi. Wanda ya miƙe daga Zariya zuwa Gusau kuwa, ta saman Funtuwa yake wucewa, kuma gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar da aikin filin jirgin Gusau a 2024. Tafiyar da mota ke yi ta kimanin kilomita 70 daga Zariya zuwa Funtuwa, ƙaramin jirgi na cinye ta cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Doguwar tafiya daga gari zuwa gari kuma wajibi ce a cikin darussan kowane ɗalibi kafin ya samu lasisi.

Mafi yawan jiragen koyo inji ɗaya gare su. Idan ya mutu a sama jirgin ba ya faɗowa kamar dutse, yana zamewa ne a iska. Cessna 172, alal misali, na iya cin kusan kilomita tara daga tsayin mita 1,000. Cikin waɗannan 'yan mintuna matuƙi zai zaɓi inda zai sauka, kuma babu abin da ke jan ido daga sama kamar kwalta doguwa miƙaƙƙiya.

Malamai kan gargaɗi ɗalibai game da titin mota, kuma suna da hujja. Wayoyin lantarki na bin gefen hanya suna kuma tsallaka ta, ba a ganinsu sai an zo daf. Akwai allunan talla, akwai ramuka, akwai motoci ta gaba da ta baya. A hanyar Funtuwa zuwa Bakori zuwa Malumfashi akwai ƙarin abin da littafin koyarwa bai ambata ba. Da kaka gefen kwalta masussuka ce kuma wurin shanya. Masara, barkono, yankakken tumatir, duk a nan ake baza su, da mata da yara a zaune suna gadi, da duwatsun da aka jera don kada mota ta taka. Ga amalanke, ga tarakta mai tafiyar hawainiya, ga shingayen jami'an tsaro da buhunan yashi da gungumen itace. Faɗin fukafukan ƙaramin jirgi ya kai mita 10 zuwa 12, wato ya fi faɗin hanya mai layi biyu. Ko da tayoyin sun dace da tsakiyar kwalta, bakin fukafukan na kan masu shanya.

Gona ta fi, amma ita ma da lokacinta. Daga Yuli zuwa Satumba masara da dawa sun fi mutum tsayi, ƙasa ta jiƙe, taya na iya nutsewa jirgi ya kifa. Da rani fili ya buɗe, sai dai kunyoyin da garma ta tayar sun bushe sun yi tauri. Wanda ya sauka yana bin tsawon kunya zai iya tsira da jirginsa, wanda ya gitta su zai karya ƙafar jirgin a kunya ta biyu ko ta uku. Daga sama, cikin hazon hunturu, ba a cika gane ina kunyoyin suka dosa ba. Ɗalibin da ya taso a Legas ko Fatakwal, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, sai an nuna masa wannan.

Abin da ya faru a Portugal ya nuna nauyin wannan zaɓi. A ranar 2 ga Agustan 2017 injin wani Cessna 152 ya mutu ana tsakiyar darasi, malami da ɗalibinsa suka sauka a bakin teku a São João da Caparica, kusa da Lisbon, wurin cike da masu hutu. Su biyun sun fito lafiya. Wani mutum mai shekara 56 da yarinya 'yar shekara takwas da ke kan yashin suka mutu. Matuƙi da ɗalibinsa sun san haɗarin da suka shiga tun da suka hau. Wanda ke ƙasa ba a tambaye shi ba.

A nan gida, a watan Mayun 2025, wani jirgin koyo ƙirar Diamond ya yi hatsari wurin sauka a filin jirgin Ilori, mutum biyun da ke ciki suka jikkata, hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ta shiga bincike. A cikin fili mai katanga abin ya faru, shi ya sa ya tsaya a kansu.

Idan jirgi ya sauka a gona

Babban abin fargaba a karkara ma ba saukar ba ce, abin da ke biyo bayanta ne. Cikin minti biyar gari zai fashe, kowa da waya a hannu. Tankin man ƙaramin jirgi a cikin fukafukai yake, kuma fukafukai ne ke fara fashewa idan an daki bishiya ko turken wuta. Wasu jiragen na shan wani fetur na musamman mai saurin kamawa, wasu kuma man jirgi dangin kananzir. Jama'ar Arewa ba su manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda a Oktoban 2024 fiye da mutum 150 suka ƙone wurin kwasar man tankar da ta faɗi.

Akwai kuma farfela. Ko inji a kashe yake, idan waya ɗaya ta tsinke a cikinsa, juya farfelar da hannu na iya tayar da shi. Yaron da ya je wasa da ita na iya rasa hannu.

Abin da ya dace shi ne a fitar da mutanen ciki idan ana iyawa, a ja da baya, a hana shan taba da kunna babur a kusa, a kira 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, a sanar da mai unguwa ko dagaci. Kada a ɗauki ko ƙusa ɗaya. Masu bincike daga tarkacen suke karanta abin da ya faru, kuma manomin da aka tattake wa amfani yana da haƙƙi: doka ta wajabta wa mai jirgi inshorar da ta haɗa da ɓarnar da aka yi wa mutanen ƙasa. Hoton gonar kafin jama'a su tattake ta, da shaidar dagaci da malamin gona, su ne za su tsaya masa. Idan taron 'yan kallo ne ya lalata rabin masarar, kamfanin inshora zai samu abin faɗa.

Aikin wa ke nan?

A nan ne gizo ke saƙar. Hukumar NCAA ce ke ba makarantun tuƙi lasisi da duba ingancin filaye. NAMA ke kula da zirga-zirga a sama. Hanyar Zariya zuwa Funtuwa ta Gwamnatin Tarayya ce, lodin da ya wuce kima aikin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ne, izinin gini kuma na jiha ne. Kwalejin na Kaduna, gonakin da jirage ke bi ta samansu na Katsina. Kowace hukuma na iya rantsuwa cewa ta yi nata, kamar yadda ɗalibin Texas da direban motar da masu filin kowa ke da abin kare kansa.

Dokar 2022 da ta kafa NSIB ta faɗaɗa aikinta daga jiragen sama zuwa sauran hanyoyin sufuri, don haka ita ce ta fi kowa damar kallon inda sama da ƙasa suka haɗu. Amma hukumar bincike ce, bayan ɓarna take zuwa.

Abubuwan da za su rage haɗarin ba masu tsada ba ne idan aka gwada da kuɗin jirgi ɗaya. Katanga mai lafiya da ake zagayawa a duba kullum. Fitila mai walƙiya da rediyo a kan kowace motar da ke shiga cikin fili, har da ta mai yankan ciyawa da ta ɗan kwangila. Alluna da Hausa, da boko da ajami, a duk hanyar da ta kusanci bakin titin jirgi, domin alamar hoton jirgi kaɗai direba na iya ɗaukarta a matsayin kwatancen hanyar filin jirgi. Zama da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Funtuwa, Malumfashi da Kwangila kafin kaka ta kama. Shiri na minti goma a gidajen rediyon Katsina da Kaduna kan abin da za a yi idan jirgi ya sauka a gona.

Ita ma kwalejin tana da abin koya daga manoma. Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken aikin gona ta IAR suna Samaru, tafiyar 'yan mintuna daga ƙofarta, kuma malaman wurin sun san watan da ake huɗa a Bakori, da watan da ake yankan dawa a Kafur, da makonnin da shanya ke cika gefen kwalta daga Danja zuwa Malumfashi.